Lahadin Shiru

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan takardar nan ta same ka a kan ƙafafunka, ko da gwiwar nan taka tana ƙorafi. Auta ce, autar marigayiya Inna wadda kakanku ɗaya da ita. Na faɗa ne don ka daɗe ba ka ga rubutuna ba, kada ka ɗauka wata ce ta ɓullo neman gado. Direban babbar motar nan, mijin 'yar Gwaggo, shi ya ce mini yakan bi ta garinku, ya kuma ce ba ka son a yi maganar coci da kai a waya. Shi ya sa na ɗauko biro.

Muna nan lafiya. Yara uku suna makaranta, suna cinye abin da na samu a ɗinki tun kafin keken ya huce. Fasto, wato maigidana, yana nan da muryarsa da ka sani, wadda ko lasifika ta mutu ba a ganewa. Iya, mahaifiyarsa, ita ce jikin ya ƙi. Ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce zuciya ce. Mun dawo da ita ɗakin da ke kusa da namu.

Abin da ya sa na rubuto, majalisar ƙasarmu ta ɗauko wata doka a kan wuraren ibada. Yadda aka karanta mana, duk mai wa'azi sai ya karɓi lasisi. Kafin a ba shi, sai ya sa hannu cewa ba zai koya wa yaron da bai kai shekara sha takwas addini ba, ba zai yi wa kowa baftisma ba sai wanda aka haifa a cikin coci, kuma zai riƙa kai wa'azinsa ofis a duba kafin Lahadi. Wanda ya ƙi, a rufe masa coci.

Fasto ya ce dokar ba za ta wuce ba. A kan bagade ya faɗa, aka ɗauki tafi, mawaƙa suka miƙe. Ni kuwa ina layin gaba ina murmushi irin na matar fasto, gabana yana ta faɗuwa. Ba dokar kaɗai ba ce, Kawu, garin ma ya canja fuska. Mata biyu da na daɗe ina musu ɗinki sun zo sun kwashe yadinsu, ɗaya ta ce mijinta ma'aikacin gwamnati ne, ba ya son a riƙa ganinta a shagona. Babban ɗana ya daina cewa ubansa fasto ne a makaranta, malami yake cewa. Mu kuma me muke yi? Rigunan mawaƙa nake ɗinkawa, tuli guda, shuɗi da gefen zinariya, don bikin cikar cocinmu shekara ashirin.

Na tuna a ƙasar da kake haka aka fara, har aka rufe cocin da kake bishara ka koma wanki a asibiti. Ka faɗa mini gaskiya, me ya kamata mu yi tun da sauran lokaci?

'Yarka,
Auta

*

Auta, 'yata,

Alherin Ubangiji ya tabbata gare ki da gidanki. Takardarki ta iso tana warin man mota, na karanta ta sau biyu don daɗi. Gado kuwa, akwai tabarau mai hannu ɗaya da butar shayi, duk ranar da kika shirya ki zo ki ɗauka. Gwiwa tana nan, ita ce ke tashe ni kafin agogo. Ki gaishe da Iya, ki ce ta riƙa ɗora ƙafafun a kan filo.

Ina nan ɗakin wankin asibiti, can ƙarƙashin gini, inda injuna ke kuka tun safe, tururi ya hana mutum ganin wanda ke gefensa. Kin ambaci yadda aka fara a nan. Da tafi aka fara, irin naku. Ranar da aka sa wa ƙofarmu kwaɗo ba a doki kowa ba. Mutane suka tsaya a titi da kayan Lahadi, suka kalli kwaɗon, suka kalli juna, kowa ya koma gida. Kafin shekara ta zagayo, coci mai cike da jama'a ya koma gaisuwa a kasuwa. Ba bangaskiya suka rasa ba. Ba su iya komai ba ne in ba wani ya tsaya a gabansu ba.

Don haka ga tambayata. Idan aka yi mutuwa a cocinku, Fasto ba ya kusa, wa zai tsaya a bakin kabari? Wa zai karya gurasa? Wa zai zauna da mai ciwo ya yi masa addu'a ba tare da ya ce bari a kira Fasto ba? Aikin da aka bar mana shi ne almajirtar da mutane, wato kowa ya koyi abin da zai iya koya wa wani. Tara su a benci suna sauraro aiki ne mai sauƙi, kwaɗo ɗaya ke gamawa da shi.

A nan zanen gado mutum biyu ke ninke shi. Kowa ya riƙe gefensa, ku matso ku haɗa hannu, ku ja da baya. A daidai haɗa hannun nan nake koya wa abokin aikina addu'a da nassi, kaɗan-kaɗan. Shi yana koya wa matarsa, ita tana koya wa maƙwabciyarta. Ba wanda ya taɓa ganin taro balle ya tarwatsa shi.

Ikkilisiyoyin da suka tsira a nan, akwai abin da suka yi kafin dokar, suna kiransa Lahadin shiru. Sau ɗaya a wata fasto ya sauka ya zauna a bencin baya, ya kama bakinsa daga farkon sujada har ƙarshe. 'Yan coci su yi komai da kansu. Za su manta, za su yi tuntuɓe, wani zai yi addu'ar da ba kai ba gindi. Kada ya gyara a wurin, kada ya taimaka. Shirun shi ne aikinsa na ranar, kuma ya fi wa'azi wuya. Ku shirya kamar gobe mijinki ba ya nan.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Iya dai da sauƙi yau, ba sauƙi gobe.

Zan fara da abin da ya tsaya mini a wuya. "Kamar gobe mijinki ba ya nan." Haba Kawu! Haka ake faɗa wa mace mai 'ya'ya uku? Mutumin nan ko mura ba ta kama shi, kai kuma daga wata ƙasa ka aiko mini da takaba a ambulan. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Idan wani abu ka gani a mafarki ka fito fili ka faɗa, idan kuma tsufa ne ya sa bakinka ya zame, to ka janye.

Duk da haka na karanta wa Fasto takardar, na tsallake layin. Ya yi dariya ya ce tsoho ya daɗe cikin tururi. Amma ya yarda a gwada, don ba mugun mutum ba ne, ka sani. Ya raba aiki. Wani dattijo zai karanta nassi, malamar makaranta za ta ja waƙa, addu'ar roƙo kuma ya ba Bakanike.

Bari in gaya maka waye Bakanike. Ƙato ne, hannuwansa ba sa fita da baƙin mai ko da wane sabulu. Shi ke gyara mana janaretan coci ba ya karɓar komai, shi ya goya Iya a baya ya hau da ita benen asibiti ranar da ta faɗi. Amma yana da i'ina, in jama'a suka zuba masa ido sai harshen ya ƙulle. Da aka kira shi bai ce a'a ba. Ya fito da wankakkiyar riga, ya riƙe makirufo da hannu biyu, ya ce, "Ya U-u-u..." sai ya tsaya cak.

Yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Ba ka jin komai sai ƙarar fankar nan mai ciwon wuya, da bencin baya yana ƙara, don Fasto ya kasa zama wuri ɗaya. Na waiga na ga leɓɓansa suna motsi, yana yin addu'ar a cikin bakinsa. Ban gama juyowa ba sai ga shi ya biyo tsakiyar coci. Ya zare makirufon daga hannun Bakanike, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Bari in taimaki ɗan'uwanmu, shi da inji suka fi fahimtar juna." Aka kwashe da dariya. Sannan ya yi addu'a mai daɗin da har mata suka yi hawaye. Bakanike yana tsaye a gefe, bai san ya zauna ko ya tsaya ba, daga baya ya sulale ta ƙaramar ƙofa. Bai sake zuwa ba. Da janareta ya mutu, aikowa ya yi a nemi wani.

A gida na ce wa Fasto, "Ka kwance wa bawan Allah zani a kasuwa." Ya ce, "To in bar shi yana shan wahala a gaban jama'a? Ai ceto na yi masa." Har cikin ransa haka ya ɗauka, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Dattawa sun zauna sun ce a daina, baƙi za su ɗauka ba mu da fasto. Mun daina. Ga sakamakon shawararka, mun yi asarar mutum ɗaya da janareta.

Auta

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ko da ba ka amsawa. Direba ya je ya dawo har sau biyu hannu wofi, ya ce bai same ka ba. Idan fushi kake da ni kan abin da na rubuta, ka yi haƙuri, bakina ya fi hankalina sauri tun ina ƙarama, kai shaida ne. Yanzu ba ni da wanda zan faɗa wa magana sai kai.

Dokar ta wuce. Fasto ya je ofis, aka ba shi takardar, ya karanta, ya ajiye musu biro ya fito. Ya ce ba zai sa hannu ya kori yara daga makarantar Lahadi ba. A wannan ina bayansa, ko a gaban wa zan faɗa. Lahadin da ta biyo bayan cikar wa'adin sa hannu ya hau bagade kamar kullum. Bai kai rabin wa'azi ba 'yan sanda suka shigo. Ya kwana uku a hannunsu, sannan alƙali ya yi masa ɗaurin talala. Sharaɗin shi ne, duk ranar da ya yi wa'azi ko ya ja addu'a a gaban mutane, ko ina ne, ko da a bakin kabari ne, shekara uku a gidan yari ba sai an sake zama ba. Sauran mutane kuwa dokar ta bar musu addu'a a gida da wurin jana'iza, muddin ba su yi yawa ba.

Sun sa kwaɗon, Kawu. Yadda ka faɗa haka aka yi, har tsayuwar a titi da kayan Lahadi. Rigunan mawaƙa suna cikin buhu a ƙarƙashin teburin yankana, ba wanda ya taɓa sa su. Na zaga gida-gida ina cewa mu riƙa haɗuwa ko mutum biyar-biyar ne. Kowa sai ya ce, "To wa zai ja mu?" Dattijon da ya karanta nassi ya ce shi karatu kawai ya iya. Malamar makaranta ta ce aikinta na gwamnati ne. Shekara ashirin suna cewa amin da ƙarfi, yau babu mai iya fara abin da za a ce wa amin.

Akwai wani ɗan sandan farin kaya da ya tare a wurin mai shayin da ke tsallaken gidanmu. Ba ya ɓuya ma, har hannu yake ɗaga mini. Fasto yana yini a falo yana zagaye tebur, ya buɗe baki ya rufe. Ya rame.

Iya kuma ta daina tashi. Jiya da nake shafa mata mai a ƙafa ta kama hannuna ta ce, "Ke, kada ku bari ɗana ya shiga kurkuku a kan gawata." Na ce ta daina irin wannan magana. Amma na san shi, kai ma ka san shi. Ba zai tsaya a bakin kabarin uwarsa ya ga an rasa mai buɗe baki ya yi shiru ba. Ka rubuto, don Allah, ko zagi ne.

'Yarka,
Auta

*

Auta, 'yata,

Salama gare ki. Ba fushi nake ba, kwanciya na yi. Gwiwar ta kai ni ƙasa a bakin injin wanki, aka hau da ni sama, na kwanta a kan zannuwan da na saba ninkewa. An yi mini aiki, yanzu ina tafiya da sanda. Matar da nake haya a gidanta ita ta karɓi takardunki ta ajiye su a bayan madubi ta manta, jiya ta ba ni duka biyun a haɗe. Na karanta ta farko na yi dariya, na karanta ta biyu dariyar ta koma ciki.

Ba mutuwa na yi wa mijinki fata ba. Abin da nake nufi shi ne wanda ya same ku, ga shi a falo yana zagaye tebur, amma ikkilisiya ba ta da shi. Ki gaya masa ƙin sa hannun da ya yi daidai ne, ina alfahari da shi. Ki kuma gaya masa abin da ya yi wa Bakanike ba ceto ba ne. Ya tashi ya je ya nemi gafara.

Ke kuma ki daina zagayen neman mai baki. Ki koma wurin Bakanike. Cikin dukan cocinku shi ne aka kira ya tashi, alhali ya san harshensa zai ci amanarsa. Irin wannan ake nema. Kada ki kira shi gida, ki same shi a wurin aikinsa, hannunsa yana kan ƙarfe. Kada ki ba shi addu'ar Fasto ya haddace, ba za ta shiga bakinsa ba. Ki tambaye shi me zai so ya faɗa wa Allah game da Iya, ki bar shi ya faɗa. In ya maƙale, kada ki cika masa kalma. Na san ki, za ki so ki cika. Ki ciji harshenki, ki jira.

Ban san ko lokaci zai ishe ku ba, ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Ki fara gobe.

Kawunki

*

Kawu,

Na gode wa Allah da ya tashe ka. Ka yafe mini zargin da na yi maka. Yara suna gaishe ka, sun ce ka aiko da hoton sandar.

Fasto ya je neman gafarar, ni na raka shi. Bakanike yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Fasto ya fara da kyau, ya ce, "Ɗan'uwa, na yi maka laifi." Da ya tsaya a nan da an gama. Amma sai ya shiga bayanin ma'anar gafara, kashi na ɗaya, kashi na biyu. Ƙafafun ba su motsa ba har muka tafi.

Washegari na koma ni kaɗai da ɗinkin hannu, na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na gaya wa ƙafafun abin da Iya ta ce. Sai murya ta fito daga ƙarƙashin motar, "Mama, ki nemi wani. Ni bakina ya mutu tun ranar nan." Na ce na nema, babu. Ya ce, "Za su sake yi mini dariya." Na ce mai yiwuwa ne. Ya ce in miƙo masa sifana.

Ka san wani abu? A ƙarƙashin mota ba ya i'ina. In ba a kallon fuskarsa maganarsa tana tafiya sumul. Tun daga ranar kullum da hantsi ina can a kan tayata, shagona a rufe, dama ba wasu masu zuwa. Na tambaye shi me zai faɗa wa Allah game da Iya, ya ce, "Ta taɓa ce mini ɗana." Daga nan muka fara. Da na sa shi ya fito ya tsaya a gabana ya faɗa, sai harshen ya ƙulle. Kalmar tana kan leɓena, Kawu, ina jin ta kamar tari. Na ciji harshena har na ji gishiri. Ta fito da kanta daga baya. Ranar na gane abin da Fasto ya ji a bencin baya, na ɗan rage jin haushinsa.

Iya ta daina cin abinci, ruwa kawai muke ɗiga mata da cokali. Na gaya wa Fasto shirin da muke yi, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Uwata ce. In ya kasa, ba zan bari a rufe ta shiru kamar wadda ba ta da kowa ba. Su kama ni." Na ce, "Yaran fa?" Sai ya tashi ya shiga ɗakin Iya. Ɗan sandan kuma ya tare ni a bakin titi yana tambayata jikin tsohuwa, da fara'arsa. Shi ma ranar yake jira.

Ka yi mana addu'a. Bakanike bai shirya ba, ni ma ban shirya ba.

Auta

*

Kawu,

Ina gaishe ka da gaisuwar rashi. Iya ta tafi ranar Talata da safe, hannunta cikin na ɗanta. Mun binne ta ranar Alhamis. Fasto yana gida, ba a kama shi ba. Na sa wannan a farko don kada hankalinka ya tashi, amma ka karanta sauran kafin ka ce an gode Allah.

Mutane kaɗan ne suka zo, ba mu ma kai adadin da doka ta yarda ba. Ɗan sandan ya biyo mu har maƙabarta, ya tsaya a kan wani tudun ƙasa ya ɗaga wayarsa yana ɗauka. Bakanike ya sa rigar da na ɗinka masa da yadin mawaƙa, na cire gefen zinariyar. Aka ajiye akwatin a bakin rami. Ya matso, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Ya fara da kyau. Ya ce, "Ubangiji, ga Iya mun kawo." Sai ya zo kan kalma ta gaba ya maƙale. Wuyansa ya kumbura, gumi ya keto masa, kalmar ta ƙi. Sai kawunan mutane suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, duk suka koma kan Fasto, yadda suka saba shekara ashirin. Ba da mugunta ba, ba su ma san suna yi ba. Wayar ɗan sandan ita ma ta juya.

Ina tsaye a gefensa, na ji ya ja numfashi. Na san wannan numfashin, shi yake ja kafin ya ce mu yi addu'a. Na damƙe wuyan hannunsa har farcena ya shiga. Ya sa ɗaya hannun ya ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, na kalli yarana.

Sai ya juya baya. Ya bi tsakanin kaburbura yana tafiya da sauri, bai waiwayo ba, ya fita ta ƙofar maƙabarta. Ya bar uwarsa a bakin rami.

Da aka rasa wanda za a kalla, sai idanu suka dawo kan Bakanike. Shirun ya yi tsawo ƙwarai, amma ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya cika masa. Can sai kalmar ta fito. Ya ce, "Ta gaji. Ƙafafunta sun yi mata ciwo. Ta taɓa ce mini ɗana. Ka karɓe ta. Mu da muka rage, kada ka bar mu mu watse." Ya maƙale har sau uku a ciki, duk muka jira shi. Da ya gama, tsohuwar nan mai sayar da sabulu, wadda ban taɓa jin muryarta a coci ba, ta ɗauko waƙa. Ta ɗauko ta a sama da yawa, muka bi ta a haka. Ɗan sandan ya sauke wayarsa ya sa a aljihu.

Na sami Fasto a bayan katanga, zaune a bakin kwalbati kusa da rumfar mai faci, leɓensa na ƙasa yana jini. Ya ce, "An rufe?" Na ce an rufe. Ya ce, "Wa ya fara zuba ƙasa?" Na ce babban ɗanka. Ya ce, "Ya kai ƙarshen addu'ar?" Na ce ya kai. Sai ya kifa kansa a gwiwa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba murya ba sai ranar. Bai ga an saukar da ita ba, bai zuba ƙasa ba, kuma wannan ba abin da za a sake ba ne.

Kada ka ɗauka mun warke. Kwaɗon yana nan. Mai shagona ya ce in tashi ƙarshen wata. Ana raɗe-raɗin za a gyara dokar a hana har addu'ar gida. Yawancin 'yan cocinmu in sun hango ni sai su tsallaka titi. Amma ranar Lahadi mutum bakwai sun zo falonmu. Bakanike ya ce zai fara koya wa mai sabulu, ita kuma tana da jika. Da suka zauna, Fasto ya ɗauki kujerar Iya ya fita da ita bakin ƙofa, ya zauna inda ɗan sandan zai gan shi baki rufe. Ta taga ina hango bayansa. Duk lokacin da wani ya yi tuntuɓe a karatu sai kafaɗunsa su motsa, amma bai tashi ba.

Bai cika magana ba yanzu, ko da ni. Da ya ga ina rubutun nan ya tsaya a kaina, ya ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka abu ɗaya, tunda ka riga shi shiga. Ya ce, shirun nan yana daina ciwo?

Shi zan karanta wa amsar, kuma wannan karon ba zan tsallake layi ba.

'Yarka,
Auta